Hutun Da Aka Ba Gwaggo

Ranar da aka sallamo su daga asibiti, Gwaggo ce sarauniyar gidan. Ita ta ba yayanta ƙodarta ɗaya, don haka har rige-rigen riƙe mata jaka ake yi. Matar Yaya da kanta ta shimfiɗa mata sabon zanen gado a ɗakin baƙi, ta kunna na'urar sanyaya ɗaki, ta jera mata lemo da ayaba a faranti. 'Ya'yan gidan suka riƙa shigowa suna durƙusawa, har da babbar da ba ta gaishe da kowa sai an harare ta.

"Ku tashi, ku tashi," in ji Gwaggo, tana dariya tana dafe gefen ciki don kada ɗinkin ya ja. "Ƙoda fa na bayar, ba sarauta aka naɗa ni ba. Biyu Allah Ya ba ni, ɗayar dama zaman kashe wando take yi."

Haka Gwaggo take, ko a makoki sai ta sa wani ya toshe baki da mayafi. Ta haura hamsin, mijinta ya rasu tuntuni, kuma abin da ta mallaka a duniya shi ne lambun da ubansu ya bari, can nesa da birni, tafiyar rabin yini a mota. A nan take renon dashe: 'ya'yan mangwaro da lemo da gwaiba a cikin baƙaƙen ledoji, masu gonaki su zo su saya idan ruwa ya sauka. Ta bar wa maƙwabcinta Dogo amanar ban ruwa, ta ce masa ba za ta daɗe ba. Dole ne ma kada ta daɗe, don dashen da ya wuce lokacinsa a leda, saiwarsa kan fasa ledar ta kama ƙasa, in an zo ɗagawa ya mutu. Lissafinta shi ne ɗinki ya kama, ta yi wa Yaya sallama, ta riga damina isa gida.

Shi kuwa Yaya, likita ya kafa masa dokoki. Maganin da yake sha don kada jikinsa ya ƙi baƙuwar ƙodar yana rage masa ƙarfin yaƙi da cuta, saboda haka ba shi ba mai tari, ba shi ba ƙura, ba shi ba ƙasar shuka. Ruwa sai dafaffe, gishiri sai a yi masa nuni da shi daga nesa. Matar Yaya ta karɓi dokokin nan da hannu bibbiyu, ta ƙara da nata. Ta ajiye kujera a bakin ƙofar falonsa, duk wanda ya zo dubiya a nan zai tsaya, da takunkumi a fuska, ya ɗaga murya ya yi sannu ya juya. A gaskiya ba laifinta ba ne, matar ta ga mijinta a bakin kabari, kuma wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

Wata safiya mai aikin gidan ta yi tari a kicin. Barkono ne ya shaƙe ta, kowa ya gani, amma kafin azahar an haɗa mata kayanta. Da yamma matar Yaya ta shigo ɗakin baƙi ta zauna a bakin gado tana murza zobe.

"Gwaggo, wa zan yarda ya taɓa abincin yayanki in ba ke ba? Jininku ɗaya, yanzu ma har ƙodarku ɗaya. Kwana biyu ne kawai, kafin mu samu mai tsafta."

"Haba maman yara, wannan ai ba abin roƙo ba ne. Dama zaman ya ishe ni, sanyin na'urar nan ya kusa mayar da ni ƙanƙara."

Kwana biyun matar Yaya kuwa irin wanda ba ya ƙarewa ne. An kawo masu neman aikin, amma wannan farcenta ya yi tsawo, waccan tana shan majina, ta uku kuma idonta bai kwanta wa matar Yaya ba. Gwaggo ta zama mai girki, sannan mai dafa ruwan sha, sannan mai dafa ruwan wanka, don an ce shi ma kada a yi wasa da shi. Tukunyar ruwan kuwa ba ƙarama ba ce. Ita ma likita ya ce mata kada ta ɗaga abu mai nauyi sai ta warke sarai, amma dokar Yaya kaɗai aka haddace a gidan.

Yaya ya fara murmurewa, kumatu suka dawo, dariyarsa ta fara kaiwa bakin titi. Kullum in ta kawo abinci ta ajiye a kan kujerar bakin ƙofa, sai ya ɗago hannu daga can ƙuryar falo. Har yanzu Auta yake kiranta, kamar ba furfura a kanta.

"Auta, tunda aka sa mini ƙodar nan taki, asuba na yi idona ke buɗewa. Ni da ake tashina da kyar!"

"Ai ta saba, Yaya. Lokacin ban ruwa ne. Ka yi hankali kada wata rana ta ja ka bakin rijiya."

Ya yi dariya har matarsa ta leƙo ta ce a rage, ɗinki. Gwaggo ta ga fuska a sake, sai ta sako zancen tafiya.

"Yaya, ina so in leƙa gida. Dashen nan in na ƙara kwanaki sai dai in yi kallo."

"Me ake ci na baka na zuba? Ki bari in ƙara ƙarfi. Ke da kika zo hutu?"

Ta koma kicin tana maimaita kalmar, hutu, tana kankare gindin tukunya.

Daga nan aka fara matsar da ita. Yayar matar Yaya ta zo taya jinya, babbar mace mai ciwon baya wadda ba ta iya kwana a ƙasa, sai aka roƙi Gwaggo ta koma ɗakin 'yan mata. "Ke ai 'yar gida ce, ba baƙuwa ba," in ji matar Yaya, kuma ta faɗe shi ne a matsayin yabo. Aka shimfiɗa mata katifa tsakanin gadaje biyu, inda 'yan matan kan tsallake ta da safe suna cewa yi haƙuri Gwaggo. Jinyar da baƙuwar ta taya kuwa ba ta wuce kallon talabijin da tambayar ko shayi ya yi ba.

Masu dubiya na farko sun san ta, sukan leƙa kicin su sa mata albarka. Na baya ba su san ta ba. Wata rana wata mata mai gwala-gwalai har wuya ta miƙo mata kofi ba ko kallo.

"Baba, ƙaro ruwa. Kin kuwa san wadda ta ba maigidan nan ƙoda? An ce ƙanwarsa ce. Baiwar Allah! An ce sun ajiye ta tana hutawa, ko tsinke ba ta ɗagawa."

"Allah Ya ba ta lada," in ji Gwaggo. "Ina ma ni ce."

Ta ba 'yan mata labarin suka yi ta dariya har da faɗuwa kan gado. Ita ma ta yi, amma da ta kwanta abin ya tsaya mata a rai.

Hannun da ya saba da ƙasa ba ya zama haka nan. Ta tara ƙwayayen lemon da ake matse wa Yaya, ta samu gwangwanayen madara, ta ɗebi ƙasa a gindin katanga, ta jera su a bayan kicin inda rana ke leƙowa da safe. Da suka tsiro, sai ta riƙa zuwa tana yi musu hira tana ba su labarin 'yan uwansu na gida. Ranar da matar Yaya ta gan su, ihun da ta yi sai ka ce kunama ta taka.

"Ƙasa! Ƙasa a gidan nan! Gwaggo, so kike ƙodar ta lalace bayan duk wahalar da muka sha?"

"Maman yara, daga nan zuwa falonsa ai sai an hau mota."

"Iska fa? Iska ba ta buƙatar mota. Ki yi haƙuri, don lafiyar yayanki ne. Ke ma ai ba za ki so ba."

Maigadi ya kwashe gwangwanayen a kwali ya fita da su. Wannan kalma ta "ke ma ai ba za ki so ba" ita ce makullin kowace ƙofa a gidan. Da ita aka hana ta zuwa kasuwa, don kada ta kwaso cuta. Da ita kuma ranar komawarta asibiti ta wuce, domin mota ɗaya ce kuma ranar ta zo daidai da gwajin jinin Yaya, shi kuwa ba a haɗa shi da kowa a mota. Ta nuna wa matar Yaya wani kumburi da ya taso a gefen ɗinkin, mai fitowa in ta ɗaga tukunya ya koma in ta kwanta.

"Iska ce. Ke ai lafiyarki ƙalau, ba don haka ba da ba a zaɓe ki ba. Shi ne majinyaci. Sati mai zuwa direba zai kai ki."

Sati mai zuwa ya zo ya tarar da ita da mura da zazzaɓi. Nan gida ya hargitse. Aka ce 'yan mata na shiga wurin babansu, ita kuma tana kwana da 'yan mata, don haka kafin a ce me, an share mata ɗan ɗakin ajiya na bakin ƙofar gida, inda tsofaffin tayoyi da jarkokin man janareto suke. Matar Yaya ta sa aka kai mata fanka, ta kuma tsaya daga nesa tana ba ta haƙuri da gaske, har da ƙwalla. Sai dai zazzaɓin da ya hana Gwaggo kwana a cikin gida bai hana ta girki ba. Yaya ya ɗanɗana miyar yayar matarsa ya ture, sai aka aika wa Gwaggo takunkumi biyu da safar hannu, aka ce ta daure.

"Oh ni," in ji ta ga maigadi, tana ɗaura takunkumi a kan takunkumi. "Daga ɗakin baƙi zuwa ɗakin yara, daga ɗakin yara zuwa ɗakin taya. Saura titi. Ita ƙodar tawa tana can kan kujera mai laushi ana yi mata fifita. Da na sani da na bi ta gaba ɗaya."

Hadari ya fara haɗuwa da yamma yana watsewa. Duk lokacin da ta ji ƙanshin ruwa, hankalinta sai ya tashi. Ta sake yi wa Yaya magana ya ce bayan gwaji na gaba. Ta yi wa matarsa, ta ce bayan an samu mai aiki.

Wata hantsi tana yanka albasa wayarta ta yi ƙara. Dogo ne, kuma ko gaisuwa bai tsaya yi ba.

"Maƙwabciya, ashe barin lambun kika yi ba ko sallama?"

"Wane irin bari kuma?"

"To ga wani mai buga bulo nan ya zo da ma'aikata da gatura. Ya ce yayanki ya ba shi hayar filin, zai kafa inji. Na ce su dakata, sun ce ni wa? Sun fara da manyan mangwaron bakin hanya."

Waɗannan manyan bishiyoyi su ne iyayen lambun. A jikinsu take yankar reshe tana aura wa ƙananan, saboda su ne masu gonaki ke tsallake lambuna da yawa su zo nata. Gwaggo ta ajiye wuƙa. Ba ta wanke hannu ba, ba ta sa takunkumi ba, ta ratsa tsakar gida ta ture kujerar bakin ƙofa ta shiga falon Yaya har tsakiya. Matarsa ta miƙe tana salati.

"Gwaggo! Murarki!"

"Murata ta gaishe ki. Yaya, wa ya ba mai bulo lambuna?"

Yaya ya dafa goshi yana murmushi, irin na wanda aka tona wa shirin alheri.

"Kash! Dogo ya ɓata mini shiri. So na yi sai an gama in yi miki albishir. Auta, na yi wa kaina alkawari a gadon asibiti, in na tashi ƙanwata ba za ta sake wahala da ƙasa da rana ba. Abin da za a riƙa biya duk naki ne. Ki zauna nan tare da mu, ci da sha da sutura, har ƙarshen rayuwa. Kin huta ke nan."

"Mu da muke ta neman yadda za mu saka miki," in ji matarsa. "Wa ya ƙi a ɗauke masa wahala?"

Gwaggo ta dube su. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne babu mugunta a fuskar ko ɗaya daga cikinsu. Jira suke ta yi godiya.

"Yaya, bari in gaya maka abin da ba ka sani ba, don lokacin kana kwance. Kafin a yanka ni, likita ya fitar da kowa daga ɗaki, har matarka. Ya rufe ƙofa ya zauna, ya ce, baiwar Allah, da son ranki za ki bayar, ko an matsa miki? Na ce da son raina. Ya ce in kin fasa ki faɗa mini, ni zan ce jininku ne bai dace ba, ba wanda zai sani. Na ce ban fasa ba. Da safen aikin, ina kan gadon da ake turawa, ya sunkuyo ya sake tambayata. Mutumin nan bai san ni ba, bai san uwata ba, wuƙa ce a hannunsa, amma bai taɓa ni ba sai da ya ji ta bakina. Kai kuwa nono ɗaya muka sha. Tunda na shigo gidan nan aka cire ni daga nan aka kafa ni can, aka sake cirewa, yau har an kai ga lambuna, wa ya taɓa cewa Auta, kina so?"

Ta dubi Yaya ido cikin ido, ta ci gaba.

"Ƙoda na ba ka, kuma ko yau aka dawo da magana zan sake bayarwa. Amma ban ce a haɗa da ragowar ba. Ɗauki waya ka tsayar da mutanen nan. Ni kuma yau zan koma gida, in kwana a ɗakina."

"Yau?" in ji Yaya. "To abincina fa?"

Maganar ta riga tunaninsa fita. Shi da kansa ya ji ta, ya sunkuyar da kai. Gwaggo kuwa dariya ce ta kuɓuce mata, ta yi ta yi tana dafe kumburin cikinta.

"Yauwa, yanzu muka zo gida! Gishiri kawai ake ragewa, Yaya, ba wani asiri a ciki. Ga mata nan cike da gida."

Ya ɗauki waya, ya ce wa mai bulo a dakata, maganar ta tashi. Aka ce direba ya kai ta. Ta ce ya fara biyawa da ita asibiti, tunda yau dai motar ta samu sarari. A can aka duba kumburin aka yi mata faɗa, aka ɗaura mata ɗamara, aka ce ko buta kada ta ɗaga, kuma ta dawo a sake dubawa, wataƙila sai an gyara ɗinkin.

Rana ta yi sanyi lokacin da ta isa. Manyan mangwaron bakin hanya suna kwance, ganyensu bai ko yi yaushi ba. Biyu kaɗai gatari bai kai gare su ba. Gwaggo ta zauna a kan kututture ta yi kuka sosai, irin wanda ba ta yi ba ko a asibiti, Dogo na tsaye gefe yana juya hula a hannu. Da ta share ido sai ya dube ta sama da ƙasa.

"Maƙwabciya, an ce hutu kike yi a birni. Wannan ramar fa?"

"Ai hutun ne bai karɓe ni ba. Kawo wuƙa, rassan nan ba su mutu ba tukuna. In muka yanka yau muka aura, wasu za su kama."

Suka duƙufa, shi yana yankowa yana jiƙawa a bokiti, ita tana zaune tana fere baki tana ɗaurewa. Dashen leda kuwa wajen rabi sun riga sun kama ƙasa, sai dai a bar su inda suke. Asara ce ta gaske, kuma ba wanda zai biya ta.

Irin wannan cuta ba ta da ihu, shi ya sa take daɗewa a gidaje. Ba a zagi Gwaggo ba, ba a hana ta abinci ba, kullum cikin yi mata godiya ake. An dai ga ta bayar da babba ba ta yi ƙorafi ba, sai aka ɗauka ƙananan ma ba sai an tambaya ba. Mai kyauta in bai yi hankali ba, har shi za a haɗa a tafi da shi, a kuma ce gata aka yi masa.

Bayan 'yan kwanaki, ruwan farko ya sauka. Tana zaune a rumfa tana nuna wa Dogo inda zai jera ledoji, sai ga wayar Yaya. Ya tambayi jiki, ya tambayi kumburi, ya ce zai turo direba ranar asibiti. Ya ce miyar gidan ta zama abin tausayi. Sannan ya yi gyaran murya.

"Auta, na ce ko za ki dawo mana, ko na sati ɗaya ne?"

"Tambaya kake yi, Yaya, ko sanarwa?"

"Tambaya nake yi."

"To, a'a."

Ya ce, "To shi ke nan. Allah Ya ba da damina mai albarka."

"Amin. Ka gaishe mini da ƙodata, ka ce ta riƙe ka da kyau."

Ta kashe wayar ta ajiye a cinya. Dogo ya ɗago da leda a kowane hannu yana tambaya ko a kai waɗannan gindin katanga.

"A'a," in ji Gwaggo, tana murmushi. Wurin ma ya dace da su, daɗin faɗar kalmar kawai take ji.